Kujerar Gefen Taga

Litinin, 5 ga Agusta

Watan fatalwowi ya kama jiya, watan da ake cewa ana buɗe wa matattu ƙofar lahira su fito yawo. Ma, uwata, ta watsa gishiri da ɗanyar shinkafa a bakin ƙofa don masu yawo su sami na taɓawa, ni kuwa na fito da takalmi mai tsini na kusa karya ƙugu. Na fara faɗa, ta ce in rage murya, ana ji. Wa ke ji? Ba ta ce ba.

A ofis Yaya Hanh, shugabar sashenmu, ta kira ni ta rufe ƙofa. In ta rufe ƙofa ba alheri ba ne. Kwatancen da nake haɗawa duk wata ne a gabanta: tallan da muke yi wa kamfanin jirgin Balbela a gefe guda, na abokan hamayyarsa Shaho da Tsattsewa a ɗaya gefen. A yawan masu danna talla mun yi musu fintinkau. A yawan waɗanda suka danna kuma suka sayi tikiti, mu ne can ƙasa. Mista Vuong na Balbela ya ce ya gaji da biyan kuɗin dannawar da ba ta cika kujera. Ko mu gyara kafin Juma'a 30 ga wata, ko ya kai kwantiraginsa wani wuri.

"In ya tafi, Khue, da ni da ke da Phat sai dai mu koma sayar da kofi a bakin titi," in ji ta. "Ke kuma ba ki iya fara'a ba, ba mai saye."

Ban yi dariya ba. Ta ce na gani ko.

Laraba, 7 ga Agusta

Na gano inda ruwan ke yoyo, kuma daga ɗakina ne.

Saƙon nan da na rubuta shekara uku da suka wuce, don 'yan ƙasarmu masu aiki a Taiwan. Wanda duk ya zaɓi tikitin dawowa a manhajar Balbela bai biya ba, kowace safiya saƙo zai faɗo wayarsa da sunansa: "Wane, kujerarka ta gefen taga tana jiranka. Dawo gida." In ya yi banza da shi mako biyu, saƙon ya daina zuwa. In ya danna, ya ci gaba. Shaho da Tsattsewa wata ɗaya suke bin mutum su rabu da shi, ya danna ko bai danna ba. Ni na ce mu ba haka ba, mu bi mutum muddin yana waiwayenmu. A lokacin har tafi aka yi mini.

To ga shi. Akwai ɗaruruwan wayoyi da ke danna saƙon nan kullum, wasu shekara biyu, wasu sun fi, kuma ko ɗaya bai taɓa sayen tikiti ba. Su suka kumbura mana yawan dannawa, su suka ja mu ƙasa a ciniki.

Phat, abokin aikina, ya leƙo ta kafaɗata yana taunar gyaɗa. "Yaya Khue, fatalwowi kika tara mana. Da ma watansu ne, ki yi musu rangwame."

Na jefe shi da marfin biro. Aikin minti biyar ne, in ware su in rufe musu saƙon. Amma ina so in san ko su waye tukuna. Na tsani in share abin da ban gane ba.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ruwa tun azahar. Lungunmu ya cika har idon sawu, takardun da maƙwabta suka ƙona wa mamatansu suna yawo a kai.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na ɗora su a kan taswira. Na ɗauka a Taiwan zan gan su, a garuruwan masana'antu. Babu ko ɗaya a can. Duk suna nan cikin ƙasa: ƙauyukan Nghe An, Ha Tinh, bakin kogi can kudu. Mutane suna neman tikitin dawowa gida, alhali wayoyinsu suna gida.

Phat ya ce na'urorin 'yan damfara ne. Na ce na'ura ba ta barci, waɗannan kuwa sau ɗaya suke dannawa, da sassafe, daidai lokacin kunna turare. Kuma ranar ɗaya ga wata da ranar da wata ya cika ba wanda ke fashi, na duba baya har inda bayanan suka tsaya. Ya daina taunar gyaɗarsa.

Na matso da taswirar kan Saigon, garinmu, don in huta da kallon ƙauyuka. Ɗigo ɗaya a unguwar Go Vap. Na ƙara matsowa. Lungunmu ne.

Na rufe kwamfutar na ce kaina ke ciwo.

Asabar, 10 ga Agusta

Ban cika rubuta sunansa a nan ba. Luan. Ƙanena, autan Ma. Shekara biyu ke nan da injin masana'anta ya kashe shi a Taichung, can Taiwan. Abin da ya dawo mana tulun tokar gawarsa ne da wayarsa a cikin leda. Ma ta ɗora wayar a teburin mamata, kusa da hotonsa da na Baba, tana jone da caji dare da rana. Ni kusurwar nan ba na kallonta. In zan wuce sai in sami abin dubawa a jakata.

Yau na tashi da wuri na tsaya a bakin labule. Ma ta kunna turare, ta canja ruwan kofi, ta tsaya tana jira kamar mai jiran mota. Sai wayar ta yi haske.

Daga inda nake ina iya karantawa, da ma ni na rubuta. "Luan, kujerarka ta gefen taga tana jiranka. Dawo gida."

Ma ta sunkuya ta karanta da leɓɓanta. "Auta, masu jirgi sun sake yi maka magana," ta ce, da irin muryar da take tashinsa makaranta.

Ashe ya zaɓi tikitin zuwa bikin sabuwar shekara, yana jiran albashi ya biya. Bai gaya mana ba. Shi da son ba-zata.

Lokacin da na rubuta maganar gefen taga shi nake tunani, don tun yana ƙarami ko a bas sai ya yi kuka an ba shi taga. Ma ba ta san ni ce ba. Na koma ɗaki na zauna a ƙasa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo tulun.

Litinin, 12 ga Agusta

Na kai wa Yaya Hanh bayani mai kan gado. Wayoyin mamata ne. 'Yan aikin da suka mutu a can, aka dawo da kayansu, iyayensu mata suka ajiye wayoyin a teburin mamata. Su ke dannawa kowace safiya don kada saƙon ya yanke. Ba fatalwa, ba damfara, tsofaffin mata ne kawai. Ban ce mata har da tawa ba.

Ta daɗe tana kallon ɗan teburin ayaba da turare da ke ƙarƙashin tagarta. Sannan ta ce, "Mista Vuong ba ya sayar wa matattu kujera, ƙanwata. Za mu rufe. Amma bari wata ya cika ya wuce tukuna, sai ranar 30, kada mu kore su a tsakiyar watansu."

Phat ya roƙe ni kada in nuna masa sunayen ƙauyukan Ha Tinh. Ɗan kawunsa daga can yake, aikin jirgin kamun kifi ya tafi Taiwan, bai dawo ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Muna cin shinkafa da kifin tukunya na ce, kamar da wasa, "Ma, in masu jirgin nan suka gaji suka daina aiko saƙo fa?"

Ta ajiye tsinkayen cin abincinta. Ta ce an kawo tokarsa a cikin kaya, tare da akwatuna, ba kujera, ba wanda ya zauna kusa da shi yana kiran sunansa a hanya kamar yadda ake yi. To ta yaya zai san hanya? Toka ta iso, shi bai iso ba. Muddin saƙon yana zuwa, ta san yana can yana neman jirgi. "Ranar da ya daina zuwa, na san Auta ya haƙura da gida."

Na ce Ma, talla ce fa, kwamfuta ke turowa. Ta ce ai ta sani, ita ba yarinya ba ce, in ci abincina.

Ke nan ranar 30 ga wata da yatsana zan gaya wa uwata ɗanta ya haƙura. In ban yi ba mutum uku mun rasa aiki, da hayar gidan nan, da maganin hawan jininta. Haushi nake ji, kuma na rasa wanda zan ji wa.

Juma'a, 16 ga Agusta

Ma ta tafi Vinh Long, haikalin garinsu, don addu'ar cikar wata. Sai Talata. Ta bar mini umarni kamar ta bar jariri: turare uku, ruwa sabo, kada in cire caji.

Ni kuwa na ji daɗi, don zan ga gibi a bayanan. Safiya uku ba dannawa, in tabbatar wa kaina abin da na riga na sani.

Lahadi, 18 ga Agusta

Wata ya cika. Hayaƙi ko'ina, kowa yana ƙona rigunan takarda da kuɗin takarda a ƙofar gidansa. Matar gidan da ke kallon namu har jirgin sama na takarda ta ƙona wa mijinta, shi da bai taɓa wuce Vung Tau da ke nan kusa ba.

Na kunna turare. Wayar ta yi haske. Na karanta, hannuwana a bayana. Jiya ma haka.

Gidan ya yi shiru da yawa. Na kunna rediyo.

Litinin, 19 ga Agusta

Babu gibi.

Asabar an danna. Lahadi an danna. Yau an danna, ina jin lokacin ina ɗaure igiyar rigar ruwa a bakin ƙofa.

Ban taɓa ta ba. Ina jin ban taɓa ta ba.

Na gaya wa Phat komai, don dole in gaya wa wani. Ya ce tsaka ce. Wayar da ke kan caji tana da ɗumi, tsaka na son ɗumi, ta hau ta taka gilashin. Muka yi ta dariya, wai tsaka mai son zuwa Taiwan, har Yaya Hanh ta leƙo. Dariyar ta yi yawa, mu duka mun sani.

Da ya fita cin abinci na buɗe abin da ban taɓa buɗewa ba, wato inda mai dannawa ke zuwa bayan ya danna. Yana shiga taswirar kujeru. Ya tsaya a kan ta gefen taga. Ya wuce zuwa shafin biya. A nan yake tsayawa, har shafin ya gaji ya rufe kansa. Kullum haka. Na buɗe na wasu wayoyin, daga Nghe An, daga bakin kogi. Duk haka.

Tsaka ba ta zaɓen kujera.

Talata, 20 ga Agusta

Ma ta dawo da buhun lemo da labarin duk wanda ya mutu a garinsu. Na bari ta gama, na ce, "Ma, in kin danna saƙon nan, me kike yi a ciki?"

"Wane dannawa?"

"Saƙon masu jirgi. Da safe."

Ta kalle ni kamar na tambaye ta ko tana buɗe wasiƙun maƙwabta. "Ni in taɓa masa waya? Ke kin san halinsa a kan wayarsa. Karantawa nake yi daga sama. Ko ƙura da gashin kaza nake kaɗewa, a gefe-gefe."

Ta ci gaba da jera lemo a gaban hotonsa, manya a ƙasa.

Alhamis, 22 ga Agusta

Jiya na kife kwanon gilashi a kan wayar, na ce wa Ma saboda tokar turare. An danna.

Na cire kwanon. Sai na ji kamar na rufe mutum a ɗaki.

Litinin, 26 ga Agusta

Taro da Mista Vuong. Na nuna masa kwatancen iri biyu, da su da kuma ba su. In an cire su mun wuce Tsattsewa, muna shaƙar ƙeyar Shaho, kuma kuɗin da yake kashewa kan kowane tikiti ya sauka sosai. Ya washe baki har na ga haƙorin zinarensa.

Ban san lokacin da na ce ko za a bar su ba, ai ba su da yawa, a ware su gefe kada su shiga lissafi. Yaya Hanh ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"'Yata, kowace dannawa ni ake caja," in ji shi. "Shekara nawa ina ciyar da su? Wanda zai hau ya biya, wanda ba zai hau ba ya ba mutane wuri."

Wannan mutumin fa ya ɗage tafiyarsa zuwa Hanoi har sai watan ya fita, kuma da jan zaren kariya ɗaure a wuyan hannunsa. Mai kamfanin jirgi, yana tsoron hawa jirgi a watan fatalwowi. Na so in gaya masa. Na tuna hayar gida, na ce to, Mista.

A hanyar gida maganarsa ta yi ta dawo mini. Wanda zai hau ya biya.

Laraba, 28 ga Agusta

Saƙon yana da hanya biyu ta tsayawa. Ko a rufe shi, ko mutum ya sayi tikitin. Ni na tsara, amma sai yau na tuna ta biyun.

Alhamis, 29 ga Agusta

Na jira Ma ta tafi kasuwa. Na wanke hannu, ban san dalili ba. Na ɗauki wayar, karo na farko tun da aka kawo ta. Da ɗuminta. Caji ne, na sani.

Ba sai na nemi komai ba, a shafin biya na same ta. Sunansa a cike, lambar fasfo a cike. Fasfon ma bai ƙare aiki ba, mai shi ne ya riga shi. Kujera ta gefen taga. Ranar tafiya ce kawai ta tsufa, na mayar da ita Litinin 2 ga Satumba, ranar ƙarshe ta watan fatalwowi, ranar da ake cewa ƙofar lahira na rufewa. Na sa katina.

Na ce a fili, "Ga shi nan, sarkin son banza. Ko a can ma sai yayarka ta biya maka." Muryata ta ba ni tsoro a ɗakin.

Da Ma ta dawo na gaya mata duka: ni na rubuta saƙon, gobe za a rufe, na saya masa tikiti. Na shirya wa kuka ko zagi. Ta yi faɗa dai, wai kuɗi a bishiya nake tsinka, wai me ya sa ban jira rangwame ba. Sannan ta goge hannu a zaninta ta ce, "Ƙarfe nawa yake sauka?"

Juma'a, 30 ga Agusta

Na rufe sauran. Minti biyar, kamar yadda na faɗa tun farko.

Yaya Hanh ta kunna turare a ɗan teburinta kafin in danna, Phat ya ce zai je sayen kofi bai dawo ba sai da aka gama. Kwantiragi ya tsaya. Mista Vuong ya aiko da kwalin kek ɗin bikin wata, ba wanda ya buɗe.

Nawa na fitar, na bar na mutane a shafin biya. Ba ni da kuɗin ɗaruruwan kujeru, gaskiya ne, amma wannan bai sa na ji dama ba. Kunya nake ji, da baƙin ciki, kuma gobe da sassafe a gidaje da yawa wata tsohuwa za ta tsaya jira.

Asabar, 31 ga Agusta

Wayar ba ta yi haske ba. Ma ba ta jira ba, tana can tana wanke masa gidan sauro.

Litinin, 2 ga Satumba

Hutun ƙasa, tutoci ko'ina. Ma ta sa rigarta ta zuwa biki ta ce in fito da babur. Na ce Ma, ba wanda zai fito daga ƙofar nan fa. Ta ce ta ji, in kawo hular kwano ta uku.

Muka tsaya a wajen masu tarbar baƙi cikin cunkoso. Allo ya nuna Balbela ya sauka. 'Yan aiki suka yi ta fitowa da manyan kwalaye naɗe da leda, ana rungume su, ana dukan kafaɗunsu. Ma tana tsaye riƙe da hular. Da mutane suka ragu ta ce, ba da ƙarfi ba, "Auta, mu je gida."

Ta rataye hular a ƙugiyar gaba ta hau bayana, ta matso ta manne da ni sosai, ta bar wuri a ƙarshen kujera. Duk mararrabar da muka zo sai ta ce, "Auta, za mu yi dama." A gadar sama ta ce, "Auta, gada ce, riƙe da kyau."

Babur ɗin ya yi ta ja da ƙyar a hawan gadar. Tayar baya ce, tun makon jiya nake cewa zan sa mata iska.

Talata, 3 ga Satumba

Da sassafe wayar ta yi haske. "Barka da dawowa gida, Luan. Yaya ka ga tafiyar?"

Wannan ma ni na rubuta. Ba ya zuwa wa wanda ya sayi tikiti kawai. Sai wanda aka duba tikitinsa a ƙofar shiga jirgi.

Kira ɗaya zan yi wa mutanen Balbela su gaya mini ko kujerar ta taso a wofi. Phat ma ya ce zai tambaya mini, na ce ya bari, aiki ya yi mana yawa. Na'ura tana kuskure. Sau nawa na gani.

Ma ta karanta, ta cire cajin da hannunta, ta naɗe igiyar, ta sa wayar a aljihun tebur ta rufe. Ta ce yunwa take ji.

Na fita bakin lungu wajen Inna Bay mai miyar taliya. Na ce ta zuba uku, ɗaya ba albasa, barkono da yawa. Tana ɗaure leda ta ɗago kai.

"Uku yau? Baƙo kuka yi, Khue?"

Na ce a'a, Inna. Ba baƙo ba ne.